Fukafukan Gajimare da Na Shafe

Zuwa ga Ummi, uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar da na san bakina ba zai iya yi miki ido da ido ba. Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kai motar da kike ciki Kano lami lafiya, Ya kare ku daga sharrin ƙarfe da na hanya. Na ce wa Kawunki Sale kada ya miƙa miki ita sai kun haye gadar Wudil, don na san halinki. Da a ƙofar gida ya ba ki, da tuni kin ninke ta kin cusa a jaka kin ce sai kin huta. Yanzu kuwa kina zaune a gaban mota, ba wurin zuwa, sai ki daure ki karanta.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ɗazu kika baro shi. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa shekara goma sha tara ban taɓa kama sunanki ba, ban kuma taɓa zaunar da ke na ce ga abin da ke raina ba. Haka muka tashi muka gani. To amma akwai wata takarda a jakarki, Innarki ta gaya mini: fom ɗin sauya karatu. Makaranta ta ɗauke ki karatun zane, ke kuma kin ƙudura kina sauka za ki cike shi ki koma karatun aikin ofis, ki ajiye buroshi ke nan har abada. Ni na jawo wannan, na sani. Saboda haka kafin ki sa hannu a waccan takardar, ki yi wa Allah ki karanta wannan har ƙarshe. Kurakuraina zan jera miki, kuma suna da ɗan yawa.

Na farkonsu ya girme ki nesa. Ina ɗan shekara goma sha shida mahaifina ya ɗauke ni daga Surko ya kai ni Kano wurin wani mai zanen manyan motoci, Malam Ɗanjuma, Allah Ya ji ƙansa. Gwani ne, wannan ba a ja. Idan ya zana zaki a ƙyauren bayan mota, direban da ke biye sai ka ga ya ɗan rage gudu. A rumfarsa doka biyu ce. Ta farko, duk abin da yaro ya zana, maigida yana gyarawa tun fenti bai bushe ba, ba sallama ba tambaya, kuma yaro godiya zai yi. Ta biyu, ido shi ake sawa ƙarshe, kuma mai aikin kaɗai ke sa shi. Kana iya zana zaki tun daga wutsiya har geza, amma ƙwayar ido ba taka ba ce. Wanda ya ɗiga ido, aikin nasa ne, ko da bai taɓa ko'ina ba. Shekara bakwai na yi ina zana makafin dabbobi kafin ya miƙo mini siririn buroshin.

A shekarata ta uku wata rana hannuna ya yi mini ƙaiƙayi. Na tuno zanen shanun nan masu dogayen ƙahoni da ke jikin dutse a garinmu, waɗanda ba wanda ya san wa ya zana su, sai na samu wani guntun katako na zana kifi mai ƙahon sa yana iyo a sararin sama. Wallahi Ummi, ranar ji na yi kamar an ba ni sarauta. Malam ya zo ya tsaya a kaina, ya duba, ya ce, "Kai, ka taɓa ganin kifi da ƙaho?" Na ce, "A'a, Malam." Ya jiƙa tsumma da kananzir, shafa uku ya yi masa, ya ce, "To kada ka ƙara zana mini ƙarya." Na ce na gode. Na zagaya bayan rumfa na yi kukana na wanke fuska.

Laifin ba na Malam ba ne, shi abin da ya sani ya koya mini. Laifina shi ne na ɗauki maganarsa na mai da ita ita ce sana'ar gaba ɗaya. Daga ranar ban ƙara zana abin da babu shi a littafin zanensa ba: zaki, ɗawisu, gaggafa, dabino, masallaci, shi ke nan, shekara talatin ina juya su. Ke kuma inda za ki akwai malamai, za su gyara miki aiki, wasu da hannu mai sanyi wasu da mai zafi. Ki girmama su, ki durƙusa ki karɓi abin da suka sani, don sun fi ki sani. Amma idan an shafe miki abu, ki tambaya cikin ladabi, "Malam, me ya sa?" Idan dalilin ya cika, ki riƙe. Idan bai cika ba, ki koma ɗaki ki sake zana naki a wata takardar ki ɓoye. Ni kifina ban sake zana shi ba, kuma yanzu ko an biya ni ba zan iya tuno yadda ƙahonsa suke ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan wauta. Shekara biyu cur ina ganin ki a gindin darbejiyar tsakar gida kin duƙufa a kan waya, wani lokaci ki yi tsalle ki ce "Ya ci!", wani lokaci ki yi tsaki. Na wuce ki sau nawa? Abin da ke fita bakina kullum ɗaya ne: "Wayar nan za ta cinye miki ido." Ko sau ɗaya ban tsuguna na ce, me kike gani a ciki? Ni da nake cin abinci da kallo! Ni da idan baƙuwar mota ta tsaya a tasha sai na bar shayina ya huce na je na zagaya ta! Abu yana faruwa a tsakar gidana, taku huɗu daga inda nake alwala, na yanke masa hukunci ban leƙa ba. To ki ji: a makaranta za ki haɗu da 'yan mata daga garuruwan da ba ki taɓa ji ba, kowacce da abin da ya ɗauke mata hankali. Kafin ki raina, ki matsa kusa ki ce a nuna miki. Ba ya cin ko minti biyar.

Yanzu sai babban. Kin san shi, amma bari in faɗa yadda ya kasance ta ɓangarena, don ba ki taɓa ji ba.

Da makaranta ta ce kowa ya zo ganawa da aikin hannunsa, na ba ki allon katako mai kyau da ragowar fenti, kika shige bayan rumfata kika yi makonni kina aiki, kina juya allon ga bango in kin tashi. Ban leƙa ba, ina jiran ki gama. Ranar wata Laraba da sassafe na shigo ɗaukar tsani, sai na tarar kin bar shi a buɗe ya sha iska. Na tsaya. Abin da idona ya gani shi ne damo, ƙaton damo shuɗi, an ja masa wuya ya yi tsawo, an liƙa masa fukafukan jemage, ƙafafunsa huɗu suna reto a iska ba abin da suka taka. Na ce a raina, wayyo yarinyar nan, hannu ga shi kamar na Malam Ɗanjuma, amma za ta je gaban manya su yi mata dariya. Na taɓa da yatsa, fentin bai gama kamawa ba. Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na jiƙa tsumma da kananzir. Na shafe fukafukan. Na rage wuyan, na cike gurbin da shuɗin sama, na zana dutse a ƙasa na zaunar da shi daram a kai. Har ina jin daɗi, Ummi, wannan shi ya fi ci mini rai. Ina aiki ina 'yar waƙata, a zatona gata nake yi miki, irin wanda maigida ke yi wa yaron da yake so.

Da hantsi kika shigo da kwanon kunu. Kika tsaya. Kika ce, "Baba, ina fukafukan?"

Na ce, "Na gyara miki. Damo ba ya tashi."

Kika daɗe kina kallon allon. Sannan kika ajiye kwanon a hankali kika ce, "To, Baba. Na gode."

Na san wannan godiyar. Ni ma na taɓa yin ta, da murya iri ɗaya, kuma na san inda ake zuwa bayan an yi ta. Amma a lokacin ban gane ba, sai ma na ce a raina yarinya mai tarbiyya. Kika tafi ganawa ɗauke da zanen wani tsohon ɗawisu da kika kwaikwaya daga littafina, aka ɗauke ki, kowa yana barka, ke kuwa daga ranar ba ki ƙara taka rumfata ba.

Shawarar da ke nan gajera ce. Abin da ba ke kika yi ba, kada hannunki ya riga bakinki zuwa kansa. Ko ƙanwarki ce ta yi, ko ɗalibarki wata rana, ko ɗan da za ki haifa. Ki ce, mene ne wannan? Kalma uku ce, da na faɗe su da ba mu zo nan ba.

Na huɗu ya biyo baya a guje. Da na lura kin daina zuwa, na san akwai abin da na ɓata, amma girman kai da kunyar 'yar fari suka haɗu suka ɗaure mini baki. Sai na koma sayayya. Na kawo miki kilishi. Na kawo miki sabon mayafi. Na sayo buroshi uku na ajiye a bakin tagarki ban ce komai ba, washegari na gan su a cikin gwangwanina, an mayar. Ummi, kilishi ba ya ba da haƙuri. Idan kin ɓata wa mutum, ki tafi da bakinki, ki ambaci abin da kika yi da sunansa, ko da mutumin bai kai ki shekaru ba. Ga nawa, ko da ya makara: na shafe miki aiki ban tambaye ki ba, na yi laifi, ki yafe mini.

Innarki ce ta buɗe mini ido, kuma ba da lallashi ba. Ranar da kika tafi Kwandiko yi wa kakanninki sallama kika bar waya a caji, na dawo cin abincin rana sai ta ƙi sauke tukunya. Ta ce, "Malam, zauna. Yau sai ka ga damon naka." Na ce wane damo? Ta ce, "Wanda ka tsige wa fiffike. 'Yarka za ta bar zane saboda kai, kana nan kana sayen kilishi." Ashe ita duk ta sani. Ashe idan kina wanke-wanke ita kike ba wa wayar ta danna masa abinci. Matar da ko lambar ƙanenta sai an nemo mata! Ki yi haƙuri da taɓa miki waya da muka yi ba kya nan, wannan ma ki haɗa cikin lissafin yafiyar.

Ta yi mini bayani yadda ta iya. Ta ce wasa ne da ake yawo cikin daji da duwatsu ana kama halittu iri-iri ana kiwonsu, kamar mai tara tantabaru, kowanne da halinsa da abin da ya iya. Ta ce naki tun yana ƙwai kika same shi. Ya ƙyanƙyashe ɗan mitsitsi, ba fiffike ko ɗaya, sai ƙaton kai yana tuntuɓe da ƙafarsa. Kika sa masa suna Gajimare tun bai san hanyar sama ba. Shekara biyu kina ciyar da shi, kina kai shi karawa ana kayar da shi kina dawo da shi, har ya rikiɗe ya yi girma, ya sake rikiɗa. Ta ce ranar da fukafukan suka fito kin ƙona mata tuwo.

Sannan ta danna, ta miƙo mini.

Subhanallah. Ummi, ban san yadda zan rubuta miki abin da ke kin riga kin sani ba. Yana tsaye a kan tsauni. Ya sunkuyar da wuya, ya tattara jikinsa kamar kyanwa za ta yi tsalle, sai fukafukan suka buɗe, ba gaba ɗaya ba, gaɓa bayan gaɓa. Ya buga sau ɗaya, ciyawar da ke ƙasa ta kwanta. Ya buga na biyu, ƙasa ta sake shi. Ya hau, ya hau, ya shige cikin gajimare ya ɓace, na ɗauka ya tafi ke nan, sai ga shi ya ɓullo ta sama, rana ta bi ta cikin fatar fiffikensa har ana ganin jijiyoyin. Wutsiyar tana biye, tana karkata kafin jikin ya karkata. Inuwarsa tana gudu a kan gonaki can ƙasa. Na ce da Innarki, "Sake." Ta sake. Na ce, "Sake." Har miya ta kama.

Shekara talatin ina zana gaggafa da fukafukai a buɗe, ban taɓa zana wadda ta tashi ba. Duk nawa a shanye suke kamar an kafe su da ƙusa. Ga wasu bayin Allah a wata ƙasa da ban san ta ba, sun zauna sun ƙago abin da babu shi, sun ba shi nauyi, sun ba shi numfashi, har tsoho irina ya kasa ajiye waya. Na ce ikon Allah! Wanda Ya halicci tsuntsu Shi Ya halicci kan ɗan Adam da ke iya wannan. Daga nan sai allonki ya faɗo mini. Wuyan nan da na rage, miƙa shi yake yi don zai hau. Ƙafafun da na ce suna reto, naɗe su yake yi. Ba kuskure ko ɗaya a ciki. Kin kama shi daidai lokacin da ƙasa ta sake shi, abin da ni ban taɓa iyawa ba, ni kuma na zo na ɗora shi a kan dutse. Na tashi na bar abincin, na tafi rumfa na zauna, ban iya aiki ba ranar.

A makon ne Kawunki Sale ya sake wa motarsa katako a Gwaram, ya aiko in zo in yi mata ado. Kin tuna na ce muku aiki ya riƙe ni can? Ba ƙarya na yi ba, sai dai ban faɗi wane aiki ba. Na ce masa, "Sale, gefe da gefe duk abin da kake so zan yi maka, amma ƙyauren baya ka bar mini." Ya ce, "Ni fa zaki nake so." Na ce, "Zaki nawa ne a hanyar Kano?" Ya ce, "To me za ka sa?" Na kwatanta masa. Ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Malam, ka dai tabbata lafiyarka ƙalau? Riɗi nake ɗauka, kada masu kaya su ce motar aljanu ce." Da na gaya masa dalili sai ya mayar da hularsa ya ce, "In don Ummi ne, ko a gilashin gaba ka zana."

Kuskure na biyar a nan na yi shi, kuma shi ne mai ban dariya. Na ɗauka tunda na fi shekara talatin da buroshi, kwana biyu ya ishe ni. Na zana da alli, na bi da fenti, na ja baya na duba: kaza ce aka jefo daga soro. Na shafe. Na sake, ya fito kamar an shanya tabarma a bayan ƙadangare. Kawunki yana zaune a kan benci yana dariya har da tari. Sai na gane ashe ban san fiffike ba. Littafin Malam na sani.

Na ajiye buroshi na koma makaranta. Akwai wata ƙatuwar bishiya bayan tasha da jemagu ke rataye a jiki, na kai tabarmata can na yini uku ina kallon sama, mutane na wucewa suna yi mini sannu irin wadda ake yi wa mara lafiya. Rana ta uku na tsinci ɗaya da ya faɗo ya mutu. Na buɗe fiffiken a hankali na ɗaga shi ga rana. Ummi, hannu ne! Yatsu ne, dogaye, da gaɓoɓinsu, har da ɗan babban yatsa mai farce, Allah Ya shimfiɗa fata tsakaninsu siririya har haske na ratsa ta. Na kai shekara hamsin ina korar jemage daga mangwaro ban san da hannu yake tashi ba. Na yi ta tasbihi ni kaɗai a gindin bishiya. Daga nan na koma kallon shirwa, na ga ashe da wutsiya take juyawa. Na bi wani damo a bakin rafi har ya gaji da ni, na ga yadda fatar wuyansa ke naɗewa. Sai na gane mutanen da suka yi Gajimare ba ƙarya suka zana ba. Sun kalli halittar Allah ne fiye da yadda ni na taɓa kallo, sannan suka harhaɗa.

To ga shawara, kuma ita ce kaɗai a takardar nan da na samo da gumina. In za ki zana abin da babu, ki fara ƙure wa abin da akwai ido. Za su ba ki kwamfuta, na ji an ce tana yin abin mamaki, ki koye ta da kyau. Amma kada ki bar fita waje. Kano ma akwai jemagu, akwai shirwa a bakin mahauta, akwai ƙadangare a kowace katanga. Ki riƙa kallo har sai kin ji tsoron Allah ya kama ki, daga nan ki ɗauki buroshi.

Da na koma kan ƙyauren, zane na huɗu shi ya tsaya. Ba zan ce ya kai naki ba, wuyan nawa ya ɗan yi kauri, kuma shuɗin bai yi zurfin wanda kika haɗa ba, na rasa me kika zuba a ciki. Amma ranar da na gama fukafukan, 'yan makaranta suna tashi suka biyo ta tasha, sai na ji ihu, sun taru suna nuna shi suna kiran wani suna na Turanci da harshena ya kasa juyawa. Wani dattijo mai sayar da goro ya matso ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, wannan wace dabba ce?" Na ce, "Ta 'yata ce." Ya ce, "A ina take?" Na ce a sama. Ya gyaɗa kai ya ce, "Da alama." Wannan kalmar ta fi mini duk yabon da aka taɓa yi wa zakunana.

Kafin in dawo gida na bi ta wurin shanun nan na jikin dutse, rabona da su tun ina saurayi. Suna nan yadda na bar su. Na tsaya ina tunanin mutumin da ya zana su, ko mace ce ma, wa ya sani. Ya gama, ya wanke hannu, ya tafi, ba wanda ya biyo bayansa da tsumma. Shi ya sa har yau muke zuwa kallo.

Yanzu ki saurara. Motar da kike ciki, kin ga an saukar da tampol ya rufe bayanta, kin ɗauka don riɗi ne. Ba don riɗi ba ne. Tun daga ƙofar gidanmu Gajimare yake biye da ke, taku kaɗan daga bayan kujerarki. Idan kun isa, Kawunki zai tsaya a ƙofar gidan da za ki sauka kafin ya wuce kasuwa. Ki ce ya ɗage tampol ɗin.

Za ki ga ba shi da ido. Na zana komai, tun daga ƙarshen wutsiya har ƙahon kansa, na bar gurbin fari fat. Na gaya miki dokar rumfarmu: ido mai aikin ke sa shi, yaro ba ya taɓawa. A wannan aikin ni ne yaron. A aljihun gefen jakarki, cikin tsohuwar safata, akwai ƙaramin gwangwanin baƙin fenti da na ruwan zuma, da siririn buroshin da Malam Ɗanjuma ya miƙo mini bayan shekara bakwai. Ban taɓa ba wa kowa aronsa ba.

Ba tilas nake yi miki ba, na yi na ga inda ya kai mu. Idan kin duba zuciyarki kin ga aikin ofis kike so tsakani da Allah, ki cike fom ɗinki, albarkata tana tare da ke, ba zan ƙara tayar da maganar ba. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki bar zane saboda tsumman kananzir ɗina. In kuma kin ga akwai abin da na ɓata a jikinsa, wuya ko fiffike, ki gyara, ba sai kin tambaye ni ba. Na riga na yi godiyata tun daga nan.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci, kin san halinki in aiki ya ɗauke ki. Ki riƙa kiran Innarki, tana nan tana cika baki amma tun jiya take share ido da gefen zane. Allah Ya tsare mini ke a inda idona ba ya kaiwa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da masu shafe wa mutane aiki, Ya dawo da ke gida lafiya da abin da kika je nema. Amin.

Jibi da yamma motar za ta biyo ta nan Birnin Kudu a hanyarta ta komawa Gwaram. Na ce wa Kawunki kada ya kira ni, kada ya gaya mini komai, ya dai naɗe tampol. Zan fito bakin titi in tsaya. Idan ta wuce, zan duba bayanta.

Wassalam,
Babanki.